Zanin Goyo a Ninke

Funtuwa,
8 ga Mayu, 2000

Zuwa ga ƙanwata Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da samarin naki biyu, da mutanen Agege baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sako mu gaba, ruwa bai sauka ba tukuna.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, don na san ki, a tsaye kike karanta wasiƙa da muciya a hannu. Bushra tana da ciki, wata uku ke nan.

Na san ba za ki tambayi yadda take ba. Ko sunanta ba ki taɓa kamawa ba, sai "yarinyar nan", sai "'yarki". 'Yar fari ce, ban ga laifinki ba, haka Inna ta yi da ni har ta koma ga Allah. Amma ban manta ranar da aka yaye ta ba, da Inna ta kwance ta daga bayanki ta ɗora a nawa don Allah bai ba ni haihuwa ba. Kika raka mu tashar jirgi ta Ebute Metta kina ta surutun tsadar manja, kamar ba a ɗauke miki komai ba. Shekara ashirin da biyu ke nan.

Jiya mijinta Yusha'u ya zo da maganar goyon ciki, wai a gidana za ta zauna ta haihu. Na ce a'a. Ni wankan jego a ido kawai na san shi. Ke kuwa an ce duk Bahaushiyar da ta haihu a Agege ba uwa kusa, ke kike dafa mata ruwa. Don haka wannan wankan naki ne. Idan cikin ya shiga wata takwas zan kawo miki ita da kaina, ta haihu a ɗakinki, ta yi arba'in a hannunki.

Da na gaya mata sai ta sunkuyar da kai. Amma da yamma na tarar ta sauko da akwati tana kakkaɓewa, alhali tafiyar saura wata huɗu da wani abu.

Zan ba Harouna direban motar shanu wannan wasiƙa, gobe zai taso.

Yayarki,
Fatu


Agege, Legas,
21 ga Mayu, 2000

Zuwa ga Yaya Fatu,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, kuma a tsaye na karanta ta, sai dai tuwon ranar ya kama, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na kafa rumfa a bakin tasha. Masu ci suna ta cewa, "Mama Tuwo, wetin happen?" Na ce itacen ne ɗanye. Muna lafiya. Allah ya raba lafiya, ya sa mai albarka ne. Ki ce wa 'yarki ta rage ɗaukar abu mai nauyi.

Yaya, tunda kin yi mini wannan, bari in gaya miki abin da na ɓoye. Tun bayan Babbar Sallah kafaɗata ta dama ta ƙi. Na zo sauke tukunya ne na ji wani abu ya ce ƙas, daga ranar hannun ba ya ɗaguwa, ko ɗankwali sai da hagu. Na sha shafe-shafe, na je wajen mai ɗori, ya ce ba karaya ba ce. Da na yi niyyar in bar shi haka nan, wa zai kai kansa ga wuƙa da girmansa? Amma washegarin zuwan wasiƙarki na hau motar haya ta danfo sai asibitin ƙashi.

Likitan Bayarabe ne, da Yarbanci muka yi maganar. Ya ɗauki hoto ya duba, ya ce a cikin jijiyoyin da ke riƙe da kafaɗa suna ɗaga hannu, ɗaya ta tsage, kuma ana iya ɗinke ta. Sai kuma ya kawo wani dogon zance, wai guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya cinye, gaɓar ta tsufa ta riga mai ita. Ya tambayi sana'ata. Na ce shekara talatin ina tuƙa tuwon mutum ɗari. Ya ce, "Mama, jijiyar zan iya ɗinkewa, amma gaɓar ba zan iya mayar da ita sabuwa ba. Masu irin taki warkewarsu tana jinkiri, wani lokacin kuma hannun ba ya dawowa duka." Na ce, "Oga dokita, kai dai ɗinka, sauran ni da Allah." Likitoci dama sai sun tsorata mutum.

Na lissafa. Za a yi aikin farkon watan gobe, ita kuma sai ƙarshen Satumba. Wata huɗu ya ishi kowace kafaɗa ta yi hankali. Kada ki gaya wa yarinyar nan komai, mai ciki ba a ɗora mata tunani.

Ƙanwarki,
Hansai


Agege,
19 ga Yuli, 2000

Yaya Fatu,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun kamar kaza ta yi tonon ƙasa, hannun bai daɗe da fitowa daga rataya ba. An yi aiki lafiya. Sati shida yana ɗaure a ƙirjina, maƙwabciyata Iya Ganiyu ce take cuɗa mini baya, ni da nake wanke mutane. Duniya ke nan. Rumfar kuwa matan da ke taya ni ne suke riƙe da ita, ni sai zama a kujera ina ba da umarni kamar sabuwar kansila.

Yanzu sau biyu a sati nake zuwa wajen masu motsa gaɓa. Sun koya mini in tsaya gaban bango in riƙa tafiya da yatsu sama, kamar gizo-gizo. Kullum inda na tsaya sai in ja layi da gawayi. Da muka fara layin yana daidai cibiyata, yau ya kai ƙirji. Akwai wata mata 'yar unguwar Isolo da aka yi mana aiki rana ɗaya, ita daga babur ɗin okada ta faɗo, tuni har tana taɓa ƙeyarta. Na tambayi mai koya mana dalili, ta ce ita gaɓarta lafiya take, jijiyar ce kawai. Ban ji daɗin maganar ba, amma ai kowa da ranarsa. Abin da ya dame ni shi ne wani ƙara da nake ji a ciki in na motsa, kamar ana niƙa tsakuwa.

Shekaranjiya na je kasuwar Jankara. Na sayi babbar tukunyar wanka sabuwa, don ba zan dafa mata ruwa a wadda na dafa wa 'ya'yan mutane ba. Na sayi zanin goyo saƙi, baƙi mai ratsin ja, irin wanda Inna ta goye mu da shi, da majanyinsa. Na yi wa mai itace magana, na kuma gano bishiyar darbejiya a bayan makaranta, mai gadin ya ce in ɗebi ganye iya son raina. Idan za ku taho ki riƙo mini kanwa mai kyau da gero, na nan duk tsakuwa ne.

Tana cin abinci dai?

Hansai


Funtuwa,
14 ga Agusta, 2000

Hansai,

Bayan gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Damina ta yi kyau, kowa lafiya. Kin ce tana cin abinci dai, ba suna ba komai, sai na ɗauka akuyar gidan kike tambaya. Tana ci, har ta fi ƙarfin tukunyata.

Na riƙe miki sirrin hannunki, to ke ma riƙe mini wannan. Yusha'u ya bar mata zaɓin suna, ta ce masa in mace ce sunanki za a sa. A bakinsa na ji. Kuma kwanan nan ta dame ni da tambaya a kanki: Innar Ikko tana da faɗa? Me take so a kai mata? Tana yin hira kuwa? Na ce in ta je ta gani da idonta. Ta saƙa miki hular sanyi, ban gaya mata Legas ba a sanyi ba.

Za mu taso ranar ashirin da takwas ga Satumba in Allah ya yarda. Gero da kanwa suna nan a ɗaure.

Fatu


Agege,
11 ga Satumba, 2000

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Kada ki kawo ta. Ta haihu a nan wajenki, ki nemi wata tsohuwa ta taya ki wankan. Ba zan iya ba. Kada ki tambaye ni.

Hansai


Funtuwa,
24 ga Satumba, 2000

Hansai,

Na amsa gaisuwarki, duk da ban ga ta amsawa ba.

Wannan wace irin wasiƙa ce? Layi uku, kamar takardar sallamar ma'aikaci. In hannun ne ki ce hannun ne. Amma ke da bakinki kika ce layi ya kai ƙirji tun watan Yuli, kin sayi tukunya, kin sayi zani. Harouna kuma ya ce ya gan ki a rumfa kina ta faɗa da mai kawo nama, lafiyarki lau. To me zan ɗauka?

Kuma na yi kuskure. Da Harouna ya miƙo wasiƙar ina tankaɗe, sai na ce Bushra ta buɗe ta karanta mana, ina zaton saƙon kanwa ne. Ta karanta da ƙarfi har ƙarshe, har da "kada ki tambaye ni". Ta ninke ta ajiye a gefen tabarma. Na fara kame-kame, na ce wataƙila ba ki da lafiya ne, na kusa fasa sirrin naki. Ta ce, "Inna, bar shi. Ai ba yau ta fara ba da ni ba."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kwashe kayan akwatin ta mayar da shi inda ta ɗauko.

Hansai, kunya daban, wannan daban. Ki rubuto dalili, ko ki sake ni in gaya mata maganar aikin da aka yi miki.

Fatu


Funtuwa,
26 ga Nuwamba, 2000

Zuwa ga Hansai,

Assalamu alaikum. Wata biyu ba amsa. Da aka yi rigimar nan ta Legas a watan jiya, muna jin rediyo ana kiran unguwanni, ban runtsa ba sai da Harouna ya dawo ya ce kuna raye ke da yaran. Alhamdu lillahi. Tunda kina raye, ga labari.

Bushra ta sauka ranar sha biyar ga wata, mace, lafiya lau ita da jaririyar. Ta sha wuya, kwana ɗaya da yini. Ni nake wankan, wata tsohuwar unguwarmu tana nuna mini. Ranar farko na ƙona mata cinya don ban san yadda ake kaɗe ganyen ba kafin a fyaɗa. Ta ce ba komai. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka, ina jin haushinki.

An yi suna ranar Laraba. Da Yusha'u ya zo tambayarta ko maganar tana nan, ta ce a sa Fatima. Na roƙe ta har da hawaye, ta ce, "Wadda ta dafa ruwan ita ke da suna." An raɗa, an yanka rago, ba a mayar da wannan. Ban ji daɗin takwarar nan ba ko kaɗan, kuma gara ki ji daga bakina.

Yarinyar goshinki ta ɗauko.

Fatu


Agege,
7 ga Janairu, 2001

Yaya Fatu,

Barka da Sallah, barka da arziki. Allah ya raya Fatima, ya sa mai jin ƙan iyayenta ce. Sunan ya dace da mai shi, kada ki sa komai a ranki. Na ƙirga, arba'in ta cika tun kafin ƙarshen watan jiya, shi ya sa yanzu zan iya magana.

Tun farkon Agusta layin gawayin nan bai ƙara ko ɗan yatsa ba. Ciwon jijiyar ya tafi, sai wani ya zauna can cikin gaɓa, wanda ba ya jin magani. Na ce ba komai, wanka ai ba a sama ake yin sa ba. Na cika bokiti na gwada fyaɗa ganye, sau goma hannun ya mutu. Na ce zan koya da hagu. Na fara gwada goyo da matashin kai, daga nan na koma ƙullin shinkafa mudu biyu. Kin san yadda ake yi, ka sunkuya, hannu ɗaya ya zagaya baya ya tallafe yaro, ɗayan ya yafa zani. Nawa ba ya zagayawa, a ƙugu yake tsayawa. Amma shinkafa ba ta motsi, sai na ruɗi kaina na ce na iya.

Ranar goma ga Satumba da la'asar Iya Ganiyu ta shigo da jikanta ɗan wata huɗu. Na ce ta kawo shi in goya. Ta ba ni ba ko ɗar, ni ce fa na yi wa uwarsa wanka. Na ɗora shi, ya yi 'yar miƙa irin ta jarirai, na kai hannu in tare, sai kafaɗar ta ƙulle kamar an soka mini ƙusa. Yaya, ina jin sa yana zamewa a bayana, ina sane, hannuna yana nan a ƙugu. Ya faɗo kan tabarma da goshi. Allah ya tsare, ƙulu kawai ya yi. Iya Ganiyu ta ɗauke shi tana yi mini sannu da Yarbanci, "Pele, Mama Tuwo, ba komai." Har yau muna gaisawa, amma ba ta sake shigowa da shi ba.

Washegari na rubuto miki layi ukun nan.

Na koma wajen likita. Ya ce ɗinkinsa yana nan bai warware ba, gaɓar ce, ƙashi ne yake gogar ƙashi. Ya ce ai ya faɗa mini tun farko. Gaskiyarsa, ya faɗa, ni ce nake lissafin watanni lokacin da yake magana. Ya ce da magani da motsa hannu zan ci abinci, zan sa riga, amma in manta da muciya, in manta da ɗaukar tukunya. Na tambaye shi goyo fa. Ya girgiza kai.

Kin ce in hannun ne in ce hannun ne. Da na faɗa, da ta zo. Na san jininmu. Da ta zo da tsohon ciki ta tarar da ni haka, ita za ta riƙa cuɗa mini baya, mai jego ta koma jinyar uwar da ba ta raine ta ba. Na ga gara ta ji haushina tana kwance ana yi mata hidima. Kuma ta yaya zan buɗe baki in yi wa 'yar fari bayanin kaina? Ba a koya mini ba.

Mata talatin da bakwai na yi wa wanka a garin nan, Yaya. Duk wadda na fyaɗa wa ganye, ita nake gani. Ashe a kansu nake ƙarar da kafaɗar, ranar da tawa ta zo babu saura. Wannan abu ya karya mini zuciya, ban san yadda zan faɗe shi da ya wuce haka ba.

Na bar wa matan nan rumfar. Tukunyar tana ƙarƙashin gado, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Wannan wasiƙar ki karanta ke kaɗai.

Hansai


Funtuwa,
2 ga Fabrairu, 2001

Zuwa ga Innar Ikko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Ni ce Bushra. Ban taɓa rubuto miki ba, ki yi haƙuri in na yi rashin kunya. Kada ki ga laifin Inna Fatu. Ta ce ta riƙe miki sirri sau ɗaya ta ga abin da ya haifar, ba za ta ƙara ba.

Ta ba ni wasiƙarki, na karanta sau uku. Na yi kukan da ban yi ba a watan Satumba.

Amma zan faɗi gaskiya. Kin gwada da matashi, kin gwada da shinkafa, kin gwada da jikan maƙwabta, ni ce kawai ba ki tambaya ba. Ruwan zafi kowa yana iya dafawa, ga shi Inna ta koya a kwana uku. Ni ba wanka na haɗa akwati dominsa ba. Kwana arba'in nake so in yi a ɗakinki, in ga yadda kike tashi da safe, in ji ko da kuskure za ki kira ni. Tun ina makarantar firamare in kin zo biki nake bin ki da ido, ke kuma kina kallon bango. Ana ce mini kunya ce. Yaro bai san kunya ba, abin da ya gani shi ya sani. Da kin bar ni na zo na cuɗa miki bayan nan, da ya fi mini duk kunun kanwar duniya.

Haihuwar fari ba ta dawowa, sunan ma an riga an raɗa. Na yi shi cikin fushi, yanzu kullum na kira ta sai na tuna. Wannan ni zan zauna da shi.

Yusha'u ya yarda in zo bayan Babbar Sallah, sati biyu kawai. Ban rubuto don neman izini ba, don kada ki sake cewa a'a. Ki fito da zanin. Ke dai ki sunkuya, ni zan ɗora miki ita, ni zan ɗaure, zan kuma tsaya a bayanki.

Hular da na saƙa tana nan, an ce ba a sanyi a can, amma zan kawo.

'Yarki,
Bushra


Agege,
18 ga Fabrairu, 2001

Bushra,

Takarda uku na yaga kafin na bar wannan kalmar ta zauna a sama. Na kulle ƙofa na faɗe ta da baki kuma, don in saba kafin ki iso. Muryar ba ta fita sosai tukuna.

Ina lafiya, hannun yana nan yadda yake. Duk abin da kika faɗa haka ne. Ki yafe mini.

Ki taho da hular, ana ɗan sanyi in an yi ruwa. Ki gaya wa Harouna ranar, zan tsaya a tasha. Ba zan iya karɓar kaya ba, ba zan iya ɗaga miki hannu ki hango ni ba, sai ki duba wadda ta fi kowa kallon ƙasa.

Na fito da zanin na shanya, bai ko saki karin shago ba. Kafaɗar ce ta ƙare, bayan lafiyarsa ƙalau. Rabonsa da goyon 'ya mace tawa tun ranar da aka kwance ki.

Mahaifiyarki,
Hansai